Uba na kallo, ni ina kallon ƙasa

Anti Sabuwa, ki taimaka mini da shawara kafin Alhamis, don raina a ɓace yake.

Ni ɗalibi ne a Alƙahira, shekarata huɗu a unguwar Abbasiya. Ba yabon kai ba, duk wasan kwaikwayon da ƙungiyar ɗalibanmu ta yi tun 2011, ni ake ba babban matsayi. Har kuka na taɓa sa wani dattijo ya yi a zaure.

Wata Bamisriya za ta shirya gajeren fim kan baƙin da ke zaune a unguwar Ard al-Liwa, tana neman wanda zai fito a ɗan da ke gaya wa mahaifinsa cewa ya bar karatu. Mataimakiyarta Awadiyya, 'yar Sudan, ta ce kowa ya ɗauki kansa a bidiyo ya aika. Abokin ɗakina Habibu yana tsaye riƙe da waya, yana karanta maganar uban. Ni kuwa na durƙusa, na sunkuyar da kai, na yi ƙasa da murya, yadda ɗan da ya samu tarbiyya yake yi. Wallahi da na kalla sai da tsigar jikina ta tashi.

Amsar da ta zo ita ce wai minti biyu suna kallon saman hulata, ba su ga idona ba, kuma ƙarar mai tallar gas da ke buga tukunyarsa a titi ta danne muryata. Sun ba ni zuwa Alhamis in sake. Anti, ni ban taɓa tsura wa mahaifina ido ba, kuma ba zan nuna wa duniya Bahaushe marar kunya ba. Amma ina son aikin nan ƙwarai. In haƙura, ko in yi musu yadda suke so?

Bazazzagin Abbasiya

Ƙanena, na ji daɗin wasiƙarka, har da cika bakin. Kana da gaskiya, haka ɗa yake a gaban ubansa, kuma kada ka yar da wannan don fim. Ita ma mai shirya fim ɗin tana da gaskiya. A zaure mutane suna ganin duk jikinka, waya kuwa fuska take nema, kai kuma ka ba ta hula.

Laifin na wurin da kuka riƙe wayar ne. Ka jingina ta a kan littattafanka, ƙasa da haɓarka, yadda ko ka sunkuya za a ga idonka. Habibu ya zauna a ƙasa kusa da ita. Ka fuskanci taga don haske, amma ka rufe gilashi, ka jira mai gas ya wuce. Cire hular.

Sannan ka zaɓi jimla ɗaya tak, wadda ɗan ya ce ya bar karatu, ka ɗago ido ka dubi uban, ka sake sunkuyawa. Rubuta wa Awadiyya layi biyu ka bayyana mata abin da wannan kallo yake nufi a wurinmu. Su 'yan wasansu kullum ido cikin ido suke, ba wanda zai kawo musu yaron da ɗaga kai sau ɗaya ya fi masa komai wuya. Kai ne za ka kawo.

Ka aika ran Laraba. Allah ya ba ka sa'a, ya sa mahaifinka ya gani ya yi alfahari da kai.

Anti Sabuwa