Shekara Goma Sha Tara na Goggo Ottilie

Ni Traugott Kleinig, mai kaɗa ƙararrawar cocin Lutheran na Lindenruh, da hankalina nake rubuta wannan, a watan girbin alkama na 1931. Ƙafafu sun ƙi, amma kai garau yake, kada wani ya ce tsufa ne.

Na ɗaya, rabon 'ya'yana uku. Gonar alkama da dawakai na Oswald ne. Garkar inabi ta Edmund ce, rijiya kuwa ta kowa. Littafi Mai Tsarki da ya hayo teku da mu na Alwine ne, don ita kaɗai ke buɗe shi.

Na biyu. Oswald, shekara shida ba ka taka gidan ƙanwarka ba, wai ta auri jikan mutanen rumbu. Yanzu kai dattijon coci ne, kana tafiya kamar kai ka kafa shi. To, ji yadda aka kafa shi.

Gida tara ne suka sauka a kwarin nan. Suka gina coci da laka, suka rufa shi da karan alkama, mata suka sayar da ƙwai har aka sami ƙararrawa. Mahaifina Benno aka damƙa wa igiyarta. Kun san al'ada: in an yi rasuwa, bugu ɗaya kowace shekarar mamaci. A shekara ta bakwai aka saɓa kan faston da za a bi, gida uku suka koma yin sujada a rumbu. Ƙanwar Baba, Goggo Ottilie, wadda ta raine ni, ta bi su. Zazzaɓi ya ɗauke ta tana da shekara goma sha tara. Aka zo roƙon Baba ya buga mata, ya ce, "Wadda ta fita da ƙafarta, ƙararrawa ba ta san ta ba." Aka binne ta bayan shingen maƙabarta, inda tumaki ke kiwo.

Da Kaka ta rasu, Baba ya buga sittin da takwas, ya saki igiya. Can ƙararrawa ta ƙara ɗaya da kanta, a hankali, da rana tsaka, ko iska babu. Ga sauran gidaje ba ta taɓa yi ba, sai jinin gidanmu. Na gaya wa mahaifiyarku, ta yi dariya ta ce, "Kai dai kunnenka ne ya riga ka tsufa, Traugott." Ranar da muka binne yayarku Lina mai shekara biyu, mahaifiyar taku ce ta ƙirga uku da bakinta. Ba ta sake yi mini dariya ba.

Na ja layi a bangon hasumiya duk ranar da ta ƙara. Ku je ku duba, goma sha bakwai ne. Goggo na karɓar shekarunta ɗaya bayan ɗaya. Ni ne na sha takwas, saura ɗaya, ku kuma ku uku ne. Tsoro nake ji, ba kuma don kaina ba.

Za ku ce me ya hana ni gyarawa. Baba ya sa na rantse a bakin gadonsa cewa hannuna ba zai buga mata ba. Shekara hamsin ina laɓewa bayan rantsuwar nan, alhali tsoron bakin dattawa ne ya fi yawa. Ku ba ku rantse wa kowa ba.

Na uku, kuma shi ne wasiyyar. Kada a sa ni a rami sai an tuge shingen, an matsar da shi taku goma, Goggo ta shigo ciki. Oswald, kai za ka fuskanci dattawa. Edmund ya haƙa ramukan turaku. Alwine ta kama igiya, mijinta na tsaye kusa da ita, ta buga goma sha tara cif. Ku kira sunanta da ƙarfi, jama'a su ji.

Bayan nan a buga tawa. Shekaruna saba'in da huɗu. In an saki igiya kada kowa ya motsa, ku tsaya ku saurara. In shiru ya ɗore, ku tafi gidan Alwine dukanku, ku ci abinci a tebur ɗaya. In kuwa ta ƙara, ku riƙe hannun juna, kada ku tsaya duban wane ne na sha tara.

Ubangiji ya yi muku albarka, ku da 'ya'yanku. Ya gafarta wa Baba, ya gafarta mini. Kada ku sake barin ɗayanku a bayan shinge.