Auren Ƙanƙara a Shilma

Shilma, 9 ga Oktoba

Zuwa ga matata Nargis,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata kina lafiya, ke da 'yar baƙuwarmu Zahra. Yaya ƙarfin jiki? Yaya Babanki da Innarki da duk mutanen gidanku a Skardu? Mu nan lafiya lau, sai kewarku da ta ishe ni. Ga busassun 'ya'yan chuli na bishiyar bayan ɗakinmu na ba Shabbir direba ya kawo miki. Ki duba ƙullin da kyau, kin san halin bakinsa.

Lokacin baƙi masu yawon buɗe ido ya kusa ƙarewa. Ayarin ƙarshe ne a hannuna, mutum shida daga Lahore. Na kai su tafkin sama sun kwana biyu a tanti, sun kama kifi da fatsa, sun hau doki, sun ɗauki hoton duwatsun da ni ban taɓa ɗaga kai na kalla ba. Akwai wata malamar makaranta a cikinsu, Malama Farzana, ba ta gajiya da tambaya. Jiya ta tambaye ni sunan wata ciyawa, na ce mata sunanta abincin akuya, ta kuwa rubuta a littafinta.

Babban labari shi ne magudanar ruwanmu da ke gangarowa daga dutse ta kusa ƙafewa. Sha'ir ɗin unguwar tudu ya ƙone bana tun bai yi ido ba, don haka dattawa suka yanke za a aurar da ƙanƙara. Ke 'yar birni ce, bari in faɗa miki yadda ake yi. Ana sarowa daga ƙanƙara mace, fara tas, da ƙanƙara namiji, mai duhu da tsakuwa, a goya su a kwanduna zuwa wani kogo can sama inda rana ba ta shiga. A haɗa su, a rufe da gawayi da ƙaiƙayi, a toshe bakin kogon. In Allah Ya yarda, bayan shekara goma sha biyu sai su girma su ba da ruwa. Sharaɗin shi ne kwando ba ya taɓa ƙasa, daga bayan wani sai bayan wani, kuma mai goyo ba ya magana ko kalma ɗaya. Tsofaffi sun ce ƙanƙarar da ta ji muryar mai ɗaukarta ba ta kamawa.

Babana kaɗai ya rage cikin waɗanda suka yi auren ƙanƙara na ƙarshe, shekara arba'in da huɗu da suka wuce, tafiyar da ƙanensa Baffa Kazim ya faɗi a hanya ya rasu. Wannan ƙanƙarar ce ta shayar da garin nan har bana. Shi kuwa kin san shi, magudana na wucewa ta ƙofar gidansa amma kullum sai ya gangara kogi da jarkarsa ya ɗebo na shansa. Kin sha tambayata dalili ina ce miki rigimar tsufa ce.

Nargis, ni ya zaɓa in goya macen a zangon ƙarshe. A gaban jama'a ya kira sunana. Mutumin da tun ranar da na fara aikin jagora yake cewa ina tallar duwatsun kakanninmu ga masu baƙin tabarau! Na yi murna har na rasa inda zan sa kaina.

Baƙina sun ji labari, sun nace sai sun gani. Na lallaɓi Baba. Ya ce, "Kai da baƙinka kamar kaza da 'ya'yanta. To su biyo mu daga nesa, amma su bar bakinsu a gida." Jibi za mu tashi. Ki sa mu a addu'a, ki shafa mini kan Zahra.

Mijinki mai ƙaunarki,
Rozi Ali

Shilma, 15 ga Oktoba

Zuwa ga Nargis,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da kyau, ina fata ke da yarinya kuna cikin ƙoshin lafiya, da mutanen gida baki ɗaya. Jikina lafiya, kada ki tsorata in wani ya riga ni kai miki labari. Zuciyata ce ba lafiya.

Mu goma sha biyu muka tashi bayan malam ya yi addu'a an yanka akuya. Kwana biyu muna hawa, ba ka jin komai sai numfashi da ƙarar tsakuwa. Ruwan kwandon na bin bayana kamar wuƙa. Baba na gaba da sandarsa. Baƙina sun cika alkawari, ko tari sai sun toshe baki.

Da hantsin rana ta biyu muka kai inda hanya ke lanƙwasawa a gefen kwazazzabo, muna hango kogon. Ni ne na ƙarshe a layi, ƙanƙara macen na goye a bayana. Da na juya kwanar sai na ga Malama Farzana ta bar 'yan uwanta, ta hau wani tudu tana son ta ɗauke mu duka a hoto ɗaya. Idonta na kan na'urar, tana ja da baya, tana ja da baya. Taku biyu ya rage mata ta faɗa kwazazzabon. Ba wanda ke fuskantarta sai ni.

Ban yi shawara da kaina ba. Muryata kawai na ji tana cewa, "Malama, tsaya!" Duwatsu suka maimaita har sau uku, kamar da gangan. Ta daskare a wurin, ta waiga, ta ga abin da ke bayanta, ta zube zaune. Mutum goma sha ɗaya suka juyo suna kallona. Baba ma ya juyo. Ya ɗaga sanda muka ci gaba. Muka haɗa ƙanƙarar, muka rufe, muka toshe kogon, amma kowa ya san aikin kamar binne gawa muke yi.

Da muka sauko kowa ya zama mai dabara. Da ka jefa tsakuwa, da ka buga ƙafa. Haji Mahdi mai unguwar tudu ya tare ni a ƙofar masallaci ya ce, "Sannu ɗan jagora! Kwana biyu rak ka kasa riƙe bakinka. Baɗi sai ka shayar da gonata da hoto." Wasu ma cewa suke da ba za ta faɗi ba. Ni kaina ban sani ba, shi ne abin da ke cina. Sake tafiya kuma ba hali, dusar ƙanƙara ta rufe hanyar shekaranjiya.

Malamar ta zo tana kuka tana neman gafarar gari. Na ce mata laifina ne, ni na kawo su. Sun tafi jiya.

Baba bai ce mini uffan ba har yau. Muna shan shayin gishiri a tabarma ɗaya, yana kallon bango. Da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi. Ina tunanin in tattara in zo Skardu in nemi aiki, don ban ga yadda zan zauna shekara goma sha biyu ana nuna ni da baki ba. Ki faɗa mini ra'ayinki.

Naki har kullum,
Rozi Ali

Shilma, 22 ga Oktoba

Zuwa ga matata, Maman Zahra,

Assalamu alaikum. Gaisuwa da fatan alheri gare ki da iyayenmu. Wasiƙarki ta iso, na karanta ta sau uku. Na ji daɗi da kika ce Zahra ta fara murmushi. Kin ce kada in gudu sai na ji daga bakin Baba. Na ji.

Ranar Talata da safe na ɗaure jakata. Yana tsakar gida ya gani, sai ya miƙo mini jarkarsa ya ce, "Ɗauki, gwiwata ta gaji." Muka gangara kogi, shi a gaba. Da muka kai ya zauna a kan dutse, ya ce in zauna.

Ya ce a waccan tafiyar shi ne ya goya macen a zangon ƙarshe, a kwanar nan dai. Baffa Kazim ya miƙa masa kwandon, ya koma gefe yana miƙe baya, bai lura ƙasar da ya taka tana zaizayewa ba. Baba ya gani. Ya ce bakinsa ya buɗe, sai ya tuna gari na jiran ruwa, ya rufe. Ya ce a ransa ai Kazim zai lura da kansa. Bai lura ba. Gari ya yabe shi a kan ya kai kwandon duk da ɗan uwansa ya faɗi, ba wanda ya san ya gani tun kafin faɗuwar. Ƙanƙara ta kama, ruwa ya zo, shi kuma ya kasa kai shi bakinsa.

Nargis, ban taɓa ganin hawayen mahaifina ba sai ran nan. Na ji kunya a kan duk dariyar da na yi wa jarkar nan. Ya ce shirun da ya yi mini ba fushi ba ne. Da ya ji ihuna, sai ya ji abin da ya kamata ya fito daga bakinsa, ya rasa yadda zai dube ni.

Ranar Juma'a bayan salla ya miƙe ya faɗa wa jama'a duk abin da ya faɗa mini. Haji Mahdi ya sunkuyar da kai, amma bai ce ya yafe ba, kuma ban ga laifinsa ba, gonarsa ce ta ƙone. Ko ƙanƙarar za ta kama, Allah kaɗai Ya sani. Na kwance jakata. In hanya ta buɗe baɗi aka ce a sake, zan goya, ba tare da baƙo ko ɗaya ba.

Ki shirya, Shabbir zai ɗauko ku ranar Litinin kafin sanyi ya tsananta. Baba na son ganin jikarsa. Yau da safe na ce masa shekara goma sha biyu da nisa. Shekarunsa saba'in da shida, ya fi ni sanin haka. Ya ce, "In ta kama ina raye, wannan ruwan zan sha. In ba na nan, ka sa Zahra ta ɗebo kofi ɗaya ta zuba a kabarin Kazim."

Allah Ya kawo ku lafiya.

Mijinki mai jiranki,
Rozi Ali