Sunan Ɗana a Lome

Zuwa ga Inna,

Gaisuwa mai yawa. Ya ƙafar taki? Ya mutanen Zariya?

Albishirinki, Hidaya ta sauka lafiya, namiji! Kawu na Tsibiri ya ce tunda cikin 'yan Katolika nake zaune, ba mai zuwa mini suna. To, ki gaya mishi gida ya cika maƙil. Su a coci suke raɗa suna da ruwa, amma maƙwabcina Kosi shi ya riƙe wa liman rago, matansu suka yi tuwo. Babur ɗina na saida don ragon, kar ki damu, ƙafata lau.

Sunan marigayi Baba na sa mishi. Kin yi sabon miji, Inna, Allah ya raya miki shi.

Ɗanki,
Zakariya'u