Ina Alfahari da Tumbin Mijina, Ashe Ciwo Ne

Anti Saadatou, don girman Allah ki taimake ni. Sati biyu ke nan ina yawo da hoton wata takarda a wayata, na rasa wanda zan nuna wa. Kin san garinmu Greensboro na nan Amurka, in ka yi tari a unguwar Sedgefield da safe, kafin la'asar an yi maka sannu a masallaci. Shi ya sa na sauya sunaye.

Mijina direban motar kai kaya ne, shekararsa arba'in da uku. 'Yarmu ɗaya, Dalila, kuma mun daɗe muna roƙon Allah ya ba ta ƙani. Lokacin da na taso daga Maraɗi na same shi nan, shekara tara ke nan, siriri ne kamar tsinken tsire. Ranar da zan taho, Inna surukata ta riƙe hannuna ta ce ga amana nan, kada in bari Amurka ta tsotse mata ɗa. Ni kuwa na ɗaura ɗamara. Tuwo da man shanu, dambu, fura da madara, shayi zagaye uku kowanne da sukarinsa. Kular da yake tafiya da ita aiki sai na danna da hannu kafin ta rufu.

Kowace Sallah ni nake auna shi in aika wa Boukari, telansa na Maraɗi. Ƙugunsa ya tashi daga santimita tamanin da biyu, bara ya kai ɗari da sha huɗu. Wallahi Anti, da alfahari nake karanta lambar nan a waya. Boukari ya kai labari gida, Inna ta kira ta bidiyo tana sa min albarka, ƙannensa na tsokanarsa da Alhaji tun bai je Makka ba. Ban taɓa jin na isa mace kamar a ranakun nan ba.

To amma shekara biyun nan bawan Allah ya canza. Mutumin da kowace Asabar yake buga ƙwallo, yanzu in ya dawo daga aiki sai kujera, barci ya kwashe shi da takalmi a ƙafa, minsharinsa har Dalila tana kwaikwaya. Raha ta ragu. Abin da ke tsakanin miji da mata, kin gane, ya zama sai jefi-jefi, daga baya ma shiru. Na ce gajiya ce, na ƙara masa nama. Na ce ko na daina burge shi ne, na yi kukana na share. Har garin maganin maza na sa aka kawo min daga gida, ina barbaɗa masa a yaji bai sani ba. Allah ya yafe min.

Rannan zan wanke rigarsa na tarar da takardar asibiti a aljihu, an ninke ta ƙanƙanuwa. Wata uku da yin gwajin. Na ɗauki hotonta, waya ta fassara min: sinadarin maza da ake kira testosteron ya yi ƙasa, likita ya ce ya rage ƙiba, ya dawo a sake gwaji. Bai koma ba, bai kuma gaya min ba. Da na duba kwanan watan sai na tuna ranar. Ya dawo ya ce in rage masa tuwo, ni kuma na ɓata rai, na ce ko girkina ne ya gundure shi. Ya dube ni, ya jawo kwanon, ya cinye tas don kada in ji zafi. Wannan kallon ne ke hana ni sukuni.

Yanzu na ga yana duba wani man shafawa na testosteron a intanet. Ni ce na jawo masa wannan? In na ce na ga takardar, ina tsoron ya kasa haɗa ido da ni. In na yi shiru, ciwo na cin mijina. Ga Sallah ta matso, Boukari ya fara tambayar awo.

'Yar Maraɗi, daga McLeansville

*

'Yar'uwata, share hawayenki. Kin yi abin da aka koya mana tun muna yara, cewa ƙibar miji shaidar hannun matarsa ce. Sai dai waɗanda suka koya mana haka, mazansu gona suke zuwa da ƙafa, ba su wuni zaune a mota.

Ƙiba da ƙarancin testosteron juna suke ciyarwa. Kitse, musamman na ciki, yana rage sinadarin. In ya ragu kuma, tsoka ta saki, kasala ta shigo, kitse ya ƙaru. Wanda ya fara a jikin mijinki, ba mai iya rantsewa. Ludayinki yana da kaso, amma zaman mota, rashin isasshen barci da shekaru su ma suna da nasu. Abin farin cikin shi ne, maza da yawa in suka rage ƙiba, sinadarin yakan ɗaga.

Garin nan na cikin yaji, ki daina yau ɗin nan. Ba ki san me aka haɗa a ciki ba, kuma wasu suna taɓa hawan jini. Man intanet ɗin ma kada ya kusance shi sai da izinin likita, domin testosteron na shafawa ko na allura yana rage ƙwayoyin haihuwa, ku kuwa kuna neman ƙanin Dalila. Lallai ya koma a sake gwajin da sassafe, a duba sukari, a kuma gaya wa likita zancen minsharin, don yana iya zama numfashi ne ke yankewa cikin barci. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Shi ma ya yi kuskure, wata uku yana ɗauke da wannan shi kaɗai. Amma kunya ce, ba ƙi ba. Mutumin da ya cinye kwano guda da takardar likita a aljihu don kada ranki ya ɓaci, bai daina sonki ba.

Don haka kada ki fara da sirrinsa, ki fara da naki. Ki zaɓi lokacin da Dalila take makaranta, ki gaya masa zancen yajin, ki nemi gafara. Ki ce ya taɓa roƙon a rage masa tuwo ba ki ji ba, yanzu kin ji. Sannan ki faɗa masa kin ga takardar, kuma tare za ku koma asibiti. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Ki canza girki ga gidan gaba ɗaya, ba shi kaɗai ba, kuma ki riƙa raka shi zagaye da yamma.

Inna kuwa, amanar da ta ba ki ɗanta ne da ransa da lafiyarsa, ba tumbi ba. Ki ɗauko abin awon, ki auna mijinki da hannun da kika saba, ki aika wa Boukari lambar. Ki ƙara da cewa bana ya yi ɗinkin da za a iya ragewa.

Allah ya ba shi lafiya, ya ba Dalila ƙanin da za ta goya.

Anti Saadatou