A Tele Na Fara Ganin Fuskar Ɗan Farina

Assalamu alaikum jama'ar wannan shafi, manyanku da ƙananku. Ni tsohuwa ce mai jikoki. Ban yi lakol ba, ban iya rubutu ba, maƙwabciyata ke rubuta mini, kuma ta rantse ba za ta faɗi sunana ba. Don Allah ku ji ni har ƙarshe kafin ku yanke mini hukunci.

Ina zaune gidan ɗan farina a Agiye, malamin gona ne. Mu danginmu ba a wasa da kunyar ɗan fari. Ana yaye shi uwata ta ɗauke shi zuwa Gangara, can ya girma. Ban taɓa kiran sunansa ba, ban taɓa tsayar da ido a fuskarsa ba. In ya durƙusa gaishe ni, tabarma nake kallo. Haka na tarar, haka na yi.

Bara ya kafa mini tele a ɗakina. Kwamfutarsa tana can shigifarsa, katanga biyu tsakaninmu, ba igiya ba waya, amma in ya taɓa ta sai karatun Alƙur'ani ya fito a gabana. Na ce wa matarsa, "Ke, ta ina malamin nan ke shigowa?" Ta yi dariya ta ce, "Inna, iska ke kawo shi."

Wata rana da hantsi karatu ya ƙare, sai ga fuskar ɗana ta cika tele. Ashe ya ɗauki hoton kansa yana koya wa manoma adana wake a buhu, yana sake kallo, ya manta bai yanke hanyar da ta haɗa kwamfutar da telena ba. Na miƙe in kashe, hannuna ya ƙi. Na saki labule, na rage murya, na zauna. Ashe gemunsa ya yi furfura! Ashe wushiryar ubansa gare shi! Mace ta haifi ɗa, sai a jikin gilashi za ta san kamanninsa?

Nan laifina ya fara. Yakan manta, ni kuwa nakan jira mantuwar kamar mai jiran ruwan shuka. Matarsa ta taɓa tambayata, "Inna, in karatu ya ƙare me ke fitowa?" Na ce, "Baƙi ƙirin, ɗiyata." Ƙarya, da furfurata! Na san Allah ya hana leƙen asirin mutum, ko da kai ka haife shi. Na sani, ban bari ba.

To, ran Talatar nan ba maganar wake ba ce. Saƙo ne ya ɗauka zai aika wa ƙanensa da ke Agadas. Na ji yana cewa, "Likita ya ce akwai ƙari a cikina, sai an yi aiki a Yamai kafin damina. Ba zan je ba. In kwana ya ƙare, gara ya ƙare a gida. Ko mai ɗakina ban gaya wa ba." Ya shafa fuska, sannan ya ce, "Kada Inna ta ji. Ko da yake me zai dame ta? Kai ne ɗanta. Ni ko sunana ban tabbata ta riƙe ba." Ya yi wata 'yar dariya wadda gara kuka da ita.

Ni ce ban riƙe sunansa ba? Sunan da nake faɗi a kowace sujada, inda ba mai ji sai Allah?

Da la'asar ya zo. "Inna, ina wuni?" Na ce, "Lafiya lau," idona a tabarma. Da zai tashi sai da ya dafa bango.

Na san in na ce ya tafi Yamai zai tafi, bai taɓa ƙetare maganata ba. Amma zai ce wa ya gaya mini? In na ce ƙanensa ne, na raba 'yan'uwa da wata ƙaryar. In na faɗi gaskiya, ya san uwarsa ta yi watanni tana leƙensa a bayan labule. In kuma na yi shiru, ga hadari ya fara haɗuwa a gabas.

Jiya na gwada furta sunan da ƙarfi, ni kaɗai a ɗaki, harshena ya ƙi juyawa. Anjima zai zo ya durƙusa a bakin tabarmar nan. 'Ya'yana, me zan yi?