Goron da na karɓa a madadin Baba

Alhamis. Bayan asuba: auna tsakanin turken kamfani da duwatsun kabari. Taku tara kabarin ya shiga cikin filinsu. Na sake aunawa, tara ɗin ne.

Zuwa ga Manajan kamfanin da ke gina ɗakunan ajiyar kaya a gefen tsohon filin jirgi na Nyohini, Tamale.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya kai da iyalinka da ma'aikatanka. Sunana Idirisu, gyaran rediyo nake yi a Sakasaka. Sau uku na zo ofishinku, sau uku aka ce mini kana Akra, shi ya sa na fito da maganar a fili, ta gidan rediyo. Ni ba gwanin rubutu ba ne. Ina dai da littafin da nake rubuta abin da ya faru kowace rana, daga cikinsa na ciro yawancin abin da zan faɗa.

Na ɗaya. Ranka ya daɗe, akwai wata tsohuwar kaɗanya a kusurwar yamma ta filin da kuka kewaye da turaku. A gindinta akwai duwatsu jere a ƙasa. Kakana ne a wurin. Mu ba mu gina kabari da siminti, ba mu sa allo, don haka ban ga laifin safiyonku mai auna fili ba idan ya ɗauka duwatsun murhu ne. Agana ce ta kashe shi, aka ƙi kai shi maƙabartar gari, aka binne shi a bakin abin da ya rage na gonarsa.

Na ce abin da ya rage, domin sauran gonar ita ce ta shiga filin jirgi a zamanin yaƙin Turawa. Kakana mai goge ne. Da aka tara mutane sharar filin, shi aka sa ya riƙa yi musu kiɗa don kada hannu ya yi sanyi. Mahaifina, Alasan, yana ƙarami a lokacin, uwarsa ta rasu, babu inda za a bar shi sai gindin wannan itace. Can ya koyi ɗaure tsirkiya. Ya sha gaya mana cewa da ƙugin jirgi mai sauka yake daidaita gogensa, har tsohon ya ji, ya ajiye nasa, ya ce yaron nan kunnensa ya fi nawa. Waƙar farko da ya tsara da kansa, a wurin ya tsara ta, haƙoransa na gaba ba su gama fitowa ba. Daga baya aka mai da filin jirgi can arewacin gari, aka bar wannan ga ciyawa da masu koyon tuƙi. Ba wanda ya mayar mana da gona, mu ma ba mu tambaya ba. Itacen da kabarin kawai muka riƙe. Baba ya tsufa ƙwarai, idonsa ya tafi, amma kowace Juma'a da yamma ina kai shi can.

Na biyu. Ga inda nake jin kunya. Talata uku da suka wuce, safiyonku ya zo gidanmu da mutum biyu. Suka cire takalma, suka durƙusa, suka gai da Baba yadda ya kamata. Suka tambaye shi ƙarfin jiki, suka tambaya ko har yanzu yana taɓa goge. Sai ɗayansu ya miƙo goro a ƙunshin ganye. Babba ba ya miƙa hannu idan ɗansa yana wurin, saboda haka ni na karɓa, na yi godiya. Ashirin da biyu ne, fari da ja. Na raba a masallaci bayan la'asar.

Da na ga turaku masu jan fenti na zo ofishinku, magatakarda ya buɗe takarda ya ce ai iyalin sun ci goro. Na san abin da yake nufi. A ƙasar nan idan aka kawo goro a kan maganar fili aka karɓa, magana ta ƙare. Amma goron gaisuwa daban, na fili daban, kuma na fili sai an ambaci filin a gaban shaidu. Abin da na rubuta a ranar da suka zo shi ne: baƙi uku, goro, sun tambayi lafiyar Baba. Babu fili a ciki.

Duk da haka ba zan ɓoye maka ba. Da suka miƙe, ina jin kamar ɗayansu ya ce sun gode da muka fahimce su. Ban rubuta wannan ba, kuma tun daga ranar nake juya shi. Ko ya faɗa ne na ƙi ji, ko ni ne na ƙirƙira daga baya, ban sani ba. Idan kuskure ne, nawa ne. Wanda ke ƙarƙashin duwatsun nan bai karɓi komai ba, Baba kuma bai ga ma abin da aka miƙo ba.

Na uku. Katafilarku tana cin ƙasa daga gabas, kullum tana matsowa. Shekaranjiya ta tumɓuke ɗorawa biyu da muke gane hanya da su. Direbanta mutumin Changli ne, na taɓa gyara masa rediyo. Na same shi yana cin abinci a inuwar motar, ya ce ranar Litinin zai kai kusurwar yamma. Na nuna masa duwatsun, ya daɗe yana kallo, ya kasa ƙarasa abincin. Ya ce, “Idirisu, ni turke nake bi. Ka sa a matsar da turken nan, ni ma in samu kwanciyar rai.”

Na huɗu. Na ɓoye wa Baba duk wannan, ina cewa gyaran hanya ake yi. Jiya yana zaune a tsakar gida ya karkata kai, ya ce ƙarar injin ta wuce inda ɗorawa suke. Sai na gaya masa komai, har da batun goron. Bai yi mini faɗa ba, da ma ya yi da na fi samun sauƙi. Ya ce, “Wancan karon ma da goro suka zo.” Daga nan ya ce in sauko masa da gogensa daga jikin bango. Shekara biyu rabonsa da taɓa shi.

Ga roƙona, ranka ya daɗe. Ka zo da kanka, ko ka aiko wanda ka yarda da shi, ya ga duwatsun kafin Litinin. A matsar da turken taku goma zuwa gabas, ko kuwa a bar itacen cikin katanga da 'yar ƙofa. Sannan ku karɓi goronku a gaban limamin unguwa da wakilin sarki, a san cewa gaisuwa muka amsa, ba mu ba da kabari ba. Ba ma neman diyya, ba ma neman gonar da ta tafi tun kafin a haife ni.

Allah ya ƙara maka lafiya, ya sa albarka a ginin da kuke yi, ya sa idan naka iyayen suka kwanta kada wani ya tashe su.

Wassalam.
Idirisu ɗan Alasan mai goge, Nyohini.

Gobe Juma'a:
Sayo goro ashirin da biyu, a tsaya ganin liman bayan salla.
Kai wasiƙar gidan rediyo, a bar ɗaya wurin maigadin kamfani.
Rediyon Hajiya Ayishetu, har yanzu ban gano abin da ya ƙone ba.
Nemo izga da ƙaro, Baba ya ce a sake tsirkiya.
Wanke masa farar riga da tabarma. Ya ce da sassafen Litinin in kai shi gindin kaɗanya, in zaunar da shi, in koma shago.