Takalman Yaya Dikko

New York, 14 ga Nuwamba, 1971

Zuwa ga Yaya Hajara,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigida da yara. Allah ya ƙara wa Inna lafiya. Sauda matar Yaya Dikko da yaransu suna gaishe ku. Sai dai labarin da zan ba ki ba mai daɗi ba ne.

Watan jiya ofis ya tura Yaya Dikko taro ƙasar Japan, ya tafi da ni ina riƙe masa jaka. Da aka tashi, masu masaukinmu suka kai mu tsohuwar fadar wani sarkin yaƙi a kan dutse. Sun ce da gangan aka karkata hanyar, aka yi matakalan ba daidai ba, don maƙiyi ya galabaita kafin ya kai ƙofa. Tun rabin hanya na ji numfashin Yaya ya canza, amma kin san shi da taurin kai. Ya ce baƙo ba ya ƙin karamcin mai gida. Ni kuma ba na iya ce masa ya zauna a gaban mutane, sai na bi bayansa raina a ɓace.

A can ma, kamar masallaci, sai an cire takalmi ake shiga. Nan asiri ya tonu. Ƙafafunsa sun kumbura suntum, safa ta nutse cikin nama. Ya harare ni, na kau da kai. Haka ya hau tsanin katakon da ke cikin fadar har sama, yana yaba musu gini. Da muka fito takalman suka ƙi shiga, da safa ya sauko dutsen, yana dafe da kafaɗata.

Yanzu yana asibiti a nan. Likita ya ce zuciyarsa ce ta gaza, kuma ciwon ya daɗe. Yaya ya hana a gaya wa Inna, wai sai ya warke. Ni dai tsoro nake ji, ba na jin zai tashi. Don Allah ki je Katsina da kanki ki faɗa mata, ki tambayo ko mu kawo shi gida tun yana gane mutane. Idan ya yi fushi, ni zan ɗauka.

Ki gaishe da Kawu Tsoho da Umma. Takalman suna nan bakin ƙofa, kullum Sauda sai ta goge su.

Ƙaninki,
Nafi'u